Ƙudan Don Fulgencio

Duk wanda zai yi maganar kamun kifi a garinmu dole ya fara da Don Fulgencio Barría, in kuma ya manta, Don Fulgencio zai tuna masa. Mutum ne da aka yi wa baiwar sanin turuca, kifin nan mai ɗigo-ɗigo na ruwan sanyi. Ya san abin da take ci, ya san ranar da take jin ƙiwa, ya san tunaninta tun kafin ta yi shi. Abin da ya rage tsakaninsu kawai shi ne haɗuwa ido da ido. Dokar kogunan Patagoniya da ta ce in ka kama kifi ka mayar da shi ruwa ta yi masa rana ƙwarai, don duk manyan kifayen da ya kama suna can cikin kogi, ba mai iya ƙaryata shi.

A ofishin filaye ya ƙare ƙuruciyarsa, yana buga hatimi a ƙarƙashin sunayen mutane. Da ya yi ritaya sai ƙungiyar masu fatsa ta zaɓe shi shugaba, saboda shi kaɗai ke da hatimi a gida. A bayan idonsa ana ce masa Farfesan Ƙudaje. Ranar da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan, ya ce ai an daɗe ba a faɗi gaskiya a garin nan ba.

Abu ɗaya ne ke ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne bangon ɗakin ƙungiya. A can gefen murhu aka jera ƙudaje cikin gilashi, kowanne da suna a ƙasansa. Ƙudan nan ba na Allah ba ne, na hannu ne: ƙaramar ƙugiya ce ake ɗaura wa gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaron da ke sauka a kan ruwa. Kowace shekara, ranar da aka buɗe kogi a farkon Nuwamba, ƙudan da ya fara kama kifi shi ke hawa bangon. Akwai sunan mai gidan burodi a wurin, akwai na direban motar makaranta, har da na wani mashayi da ya kama nasa kifin yana gyangyaɗi. Na shugaba ne kawai babu. Yakan tsaya gaban bangon, hannu a baya, ya daɗe yana kallon wani fili da ya rage a tsakiya, kuma gaskiya abin yana yi masa ciwo.

Shekarar da likitan haƙori ya ci da ƙudan da surukarsa ta ɗaura masa, Don Fulgencio bai yi barci ba sai da ya kafa sabuwar doka. Daga yanzu, in ji dokar, sunan da zai hau bango shi ne na wanda aka ga aikinsa a jikin ƙugiya lokacin da ta fito daga bakin kifi. Ya karanta ta a tsaye, ya buga mata hatimi har sau biyu, aka tafa masa don a samu a ci nama.

A hunturun bana ya ɗaura niyya. Ya mamaye teburin kicin da almakashi da hantsaki da gilashin duba ƙananan abubuwa, matarsa Doña Herminia ta koma murza fulawa a kan kujera. Busasshen ƙuda zai yi, irin wanda ba ya nutsewa, kuma sirrin wannan yana wuyan zakara: gashin wurin ne mai tauri, in aka naɗa shi a ƙugiya sai ta tsaya bisa ruwa kamar mai sanɗa. Zakara kuwa ɗaya ne a gidan, Anacleto, ja mai sheƙi, wanda Doña Herminia ta rena tun yana ɗan tsako a cikin kwalin takalmi.

"Tsohuwa, riƙe mini ƙafafunsa."

"Me ya yi maka?"

"Bai yi komai ba. Tarihi ne ya kira shi."

"To tarihin ya zo ya riƙe da kansa, hannuna da ƙullu."

Haka Farfesa ya bi zakara cikin taɓo da silifa, ya dawo da gashi cike da hannu da kuma yagar baki a hanci. Ba sau ɗaya aka yi haka ba, don duk ƙudan da ya ɗaura sai ya ga bai kai matsayinsa ba, ya kwance, ya koma akurki. Kafin ƙanƙara ta narke wuyan Anacleto ya koma tamkar na ungulu. Doña Herminia ta zauna ta saƙa masa ɗan mayafin ulu shuɗi, ta ɗaura masa, ta daina sa wa mijinta sukari a shayin ganyen nan da ake kira mate.

Shi dai bai lura ba, hankalinsa na kan aiki. Gashin zakara kaɗai, a ganinsa, ƙudan talakawa ne. Ya ciro gashin ɗawisu daga hular da matarsa ke zuwa biki da ita, ya warware zaren gwal daga tsohuwar hularsa ta ofis, ya yi wa ƙudan ɗamara da jan alharini, ya kafa masa fukafukai na agwagwa. A ƙarshe ya tsaya gaban madubi ya tsige 'yan silalla daga gashin-bakinsa, idonsa na hawaye, ya ɗaura su a matsayin wutsiya. Wannan, in ji shi, shi ne sa hannu. Ya ɗaga ƙudan a hasken taga ya yi wa matarsa jawabi, ita da tukunya.

"Mutane suna zaton turuca abinci take nema. Kuskure ne. Turuca mai hankali daraja take nema. Sauran 'yan ƙungiya suna kai mata ƙwari, ni kuwa zan kai mata baƙo mai martaba, kuma za ta taso ta gaishe shi."

Doña Herminia ta leƙa ta ce ita dai ya fi mata kama da amaryar da ta faɗa kanti. Bai ji ba. Ya riga ya aika birni an zana sunansa a farantin tagulla mai walƙiya, ya kuma yanke hukuncin cewa ranar da sunan zai hau bango, Anacleto zai shiga tukunya don a yi wa manyan baƙi romo, tunda ya gama aikinsa a duniya.

Ranar buɗe kogi ta zo da iskar da ta saba, wadda ke cire hula ta kai ta Chile. Kowane mai fatsa yana tafe da shaida, shi kuma nasa shaidan Nicanor Painemil ne, mahaucin gari, mutumin da ya fi son zama a kan dutse da ƙoƙon mate a hannu fiye da komai. Don Fulgencio ya fito cikin wandon roba har ƙirji da riga mai aljifai kamar ta mai sayar da magani. Tabaransa ya bari a gida, don za a ɗauki hoto, kuma ya ce suna tsufar da shi.

Ya wurga ƙudan. Ya faɗa ruwa tim, kamar an jefa takalmi, inuwoyin kifayen da ke kwance a gefe suka watse.

"Ka gani ko, Nicanor? Sun ja da baya don su ƙare masa kallo."

"Na gani, shugaba. Wasu ma har sun tafi kiran 'yan uwa."

A wurgi na gaba iska ta kwashi igiyar ta kai ta cikin ƙayar da ke bayansa. Mai haƙuri zai taka ya je ya kwance, amma shugaba ba ya juya wa kogi baya a gaban jama'a, sai ya fizga. Ya sake wurgawa, ƙaya ta sake kamawa, ya sake fizga. Nicanor yana zaune yana kallon kayan ado suna rataya ɗaya bayan ɗaya: ɗawisu a wannan reshe, gwal a wancan, jan alharini yana kaɗawa a sama. Aikin shaida gani ne, ba magana ba, don haka ya ƙara ruwan zafi a ƙoƙonsa.

Can iska ta ɗan lafa. Igiyar ta miƙe, abin da ke bakinta ya sauka a kan ruwa a hankali, ko da'ira bai yi ba. Ya bi ruwa kaɗan, sai wani baki ya taso daga ƙasa ya haɗiye shi. Sanda ta lanƙwashe. Don Fulgencio ya buɗe baki zai yi jawabi, maganar ta ƙi fita. Sai ya shiga cewa, "Nicanor, Nicanor, me zan yi," da wata ƙaramar murya da ba a san shi da ita ba. Da ƙyar aka jawo ta. Turuca ce ƙatuwa, gefenta ja kamar an shafa mata fenti, kuma ita ce ta farko a kogin kaf. Tsohon ya durƙusa cikin ruwa ya riƙe ta da hannu biyu, kuma ko maƙiyinsa ya gan shi a lokacin sai ya taya shi murna. Nicanor ya zare ƙugiyar, ya jefa ta cikin kwalin ashana ya rufe kamar yadda aka saba, kifi ya koma gida.

Kafin a isa ɗakin ƙungiya murya ta dawo, kifin kuma ya ƙara tsawo. An kafa ɗan rago a jikin ƙarfe gefen wuta, kitse na ɗiga, kofuna na zagayawa. Doña Herminia ta iso da Anacleto a hammata, da mayafinsa, don ta ce ita hannunta ba zai iya yanka shi ba, sai dai mahauci ya yi. Idonta ya yi ja, ta zauna can baya ba ta gaisa da kowa ba.

Shugaba ya hau kan akwatin lemo, farantin tagulla a ƙirji. Ya yi magana a kan ilimi, da haƙuri, da yadda wasu ke dogara da sa'a alhali wasu na dogara da ƙwaƙwalwa. Ya karanto dokarsa da ka, kalma bayan kalma, yana kallon likitan haƙori. Sannan ya ba da izini a buɗe kwalin.

Nicanor ya juye shi a kan farin faranti. Wata 'yar ƙugiya ce ta faɗo, tsirara, ba ɗawisu, ba gwal, ba fukafukai. Abin da ya rage a jikinta, ban da ɗan guntun zare, jan gashin zakara ne guda ɗaya, a naɗe, ya yi buzu-buzu. Likitan haƙori ya nemi a ba shi gilashin shugaba na duba ƙananan abubuwa, ya duƙa ya duba ta gaba da baya da natsuwar mai neman rami a haƙori.

"Gashin-bakin ma babu, Farfesa."

"Zaren fa? Ai ga zare nan," in ji Don Fulgencio.

"Daga kwandon ɗinkina ka ɗauka," in ji Doña Herminia daga baya.

"To ɗaurin? Wa ya ɗaura?" Don Fulgencio ya sake tambaya.

Nicanor ya sosa ƙeya. "Ɗaurin naka yana can jikin ƙaya, shugaba, na gan shi da idona. Sai da ya gama kwancewa kifin ya ci."

Daga nan idanu suka fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, zuwa ga mai mayafin ulu, wanda ke ƙoƙarin tsattsagar burodi a hannun uwar ɗakinsa. Doka ta ce wanda aka ga aikinsa a jikin ƙugiya, ba ta ce dole ya zama mutum ba, kuma hatimi biyu ne a kanta. Nicanor ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce shi bai taɓa yanka wanda sunansa ke bango ba, ba kuma zai fara yau ba. Doña Herminia ta share ido da gefen mayafin zakaran, ta nemi a miƙo mata haƙarƙari.

Yanzu in ka shiga ɗakin ƙungiya za ka ga filin nan na tsakiya ya cike. ANACLETO, da manyan baƙaƙe. Baƙi masu zuwa daga birni kan tambaya wane gwani ne wannan, Don Fulgencio ya gyara tsayuwa ya ce ɗan gidansa ne, a hannunsa ya taso. Farantin tagullar ma bai tafi a banza ba, don Doña Herminia ba ta son asara. Akwai wata ɓula a ƙofar akurki da iska ke shiga tana damun mai wuya a tsige, sai ta samu ƙusa huɗu ta toshe ta da shi, rubutun yana kallon waje. Kowace safiya Anacleto yana fitowa ta ƙarƙashin sunan Fulgencio Barría, ya miƙe, ya yi cara.