Ranar da Na Goya Baffan Rukayya a Mashin

Ko me zan manta a duniya, ban da ranar da na ɗauko Baffan Rukayya a bayan mashin ɗina. Har yau idan na tuna, ko ni kaɗai ne a ɗaki sai na rufe fuska.

Bari in fara da gaskiya: ni gajere ne. (Masu ƙaunata suna cewa "matsakaici", Allah ya saka musu da alheri.) Mashin ɗin kuwa tsoho ne, yayana ya bar min da ya samu aiki a kudu, shi kuma dogo ne kamar falwaya. In ina tafiya ba wanda zai gane komai. Tsayawa ce masifa. Da zarar danja ta tsayar da ni sai in zame gefe guda in dogara da babban yatsa, ɗaya ƙafar tana lilo. 'Yan Adaidaita Sahun unguwar Gyaɗi-Gyaɗi a nan Kano ba su da tausayi, sai wani ya leƙo ya ce, "Oga, a kawo maka tsani ne?"

Na jure duk wannan har na fara zuwa zance wurin Rukayya a Darmanawa. Yayyenta suna da majalisa a ƙofar gida, shi ya sa nake ajiye mashin a wani lungu in ƙarasa da ƙafa. Abin yana ci min rai ƙwarai.

Abokina Habu, mai sayar da cajar waya, shi ya kawo shawara. (Bai taɓa riƙe sufana ba, amma ya kalli bidiyo.) Ya ce, "Kai, bayan mashin ai a kan shokazoba yake zaune, ƙarafunan nan biyu masu sifirin. Ka rage musu tsawo, kujera ta sauko, magana ta ƙare."

A ƙasan kowace akwai wani zobe mai matakai. Muka murɗa shi zuwa na ƙarshe, na hau, har yanzu ɗage nake. Habu ya ce a yanke kawai. Muka aro zarton ƙarfe wurin maƙwabcinmu Malam Bulus, muka kwance shokazoba muka hau yankan sifirin. Muka ɗaura, sai muka ga mashin ya karkace hagu. Muka rage na dama, ya karkace dama. Haka muka yi ta yi kamar mai gyaran gashin baki, har dai ya daidaita.

Na hau, ƙafafuna biyu suka taka ƙasa daram. Wallahi sai da na ji ƙwalla. A satin nan ko ba dalili sai in taka birki, don kawai in sauke ƙafa jama'a su gani. Abin da bai zo min a rai ba shi ne, ni ba nauyi gare ni ba, kuma ban gwada goya kowa ba.

To, a gidan su Rukayya ba mahaifi ke ba da 'ya ba, wansa ne, wato Baffa. Shi kuma ya aiko daga ƙauye cewa ba zai ba da ita ga wanda bai gani da idonsa ba. An ce ya taɓa korar manemin yayarta saboda ya gaishe shi a tsaye. In Baffa ya ce a'a, ni da Rukayya sai dai a mafarki.

Ranar da zai zo ta kira ni. Ta ce, "Baffa ya sauka a bakin titi, ka je ka taho da shi. Don Allah ka nutsu, daga nan zai fara auna ka."

Na je na tarar da shi, tubarkalla masha Allah. Mutum ne cikakke, ga babbar riga, ga rabin buhun gero na tsaraba. Na durƙusa har ƙasa na kwashi gaisuwa, sannan na miƙe zan tsayar masa da Adaidaita.

Ya ce, "A'a, yaro. Ga abin hawa Allah ya hore, a yi almubazzaranci? Ɗora geron nan a gabanka."

Yanzu ku faɗa min, wane ɗan Bahaushe ne zai dubi surukin da bai ma gama zama suruki ba, ya ce masa ya yi nauyi? Na ce, "To, Baffa." Ya yi bisimilla ya hau. Na ji mashin ya yi ƙasa, ya ƙara yin ƙasa, har gwiwoyina suka lanƙwashe.

Muna fara tafiya na ji wata ƙara, ƙiiii. Taya ce take gugar ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera. Na ƙara wuta don ƙarar inji ta danne ta. Can Baffa ya ce, "Yaro, ba ka jin ƙauri?"

Na ce, "Masu gasa masara ne, Baffa."

"Masarar birni da warin roba take."

Muka shiga Tarauni hayaƙi na bin mu. Baffa ya fara mutsu-mutsu, ya ce, "Wannan kujera taka akwai ɗumi." Na ce rana ce. (Hadari ne a garin.) Gumi ya jiƙa min shadda, ina ta addu'a a zuci Allah ya kai mu ƙofar gida kawai.

Ya kuwa kai mu. Sai dai a bakin layinsu akwai tudun da 'yan unguwa suka yi don rage gudu, ga dattawan gida da yayyenta sun shimfiɗa tabarma suna jiran babban baƙo. Tayar gaba ta haye lafiya. Ta baya na taɓa tudun na ji ƙas! Bayan mashin ya zauna, gaba ya ɗaga sama, Baffa ya sulale ta baya ya zauna daɓas a ƙasa, hularsa ta gangara kwata. Ni kuwa ina maƙale a sama, rungume da buhun gero, ƙafafuna biyu na harbin iska. Daga nan muka kife, ni da mashin da geron.

Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Na hango labulen soro yana motsi, na san Rukayya ce, na ce a raina shi ke nan, aure ya tashi.

Aka ɗaga Baffa aka karkaɗe shi. Ya zagaya ya duba mashin da ya baje, ya dubi tumbinsa, ya girgiza kai. Sannan ya ce, "Laifina ne. Tun a hanya abin yake kuka, yaron nan don kunya ya kasa ce min in sauka. Na karya masa abin hawa ranar haɗuwarmu ta farko, da wane bakin zan hana shi 'ya? Na ba shi."

Na buɗe baki zan faɗi gaskiya, sai na ji kaina na ce, "Ba komai, Baffa, tsautsayi ne."

An ɗaura aure. Na kai mashin wurin bakanike aka sa sabuwar shokazoba, na koma dogara da babban yatsa, kuma na gode Allah. Na koyi cewa in za ka rage wa abin hawa tsawo, kada ka auna da jikinka, ka auna da na dangin matarka.

Baffa kuwa tun daga ranar ya daina cin tuwon dare, har iyalinsa suna min godiya. Da Sallar da ta wuce muka je gaishe shi, ya shafa cikinsa yana murmushi ya ce, "Ɗana, ka ga yadda na rage? In na shigo Kano ka zo da mashin ɗin, mu sake gwadawa."

Na ce, "To, Baffa."