Tarin Iya Habsu

A lokacin ji nake duk gidan rediyonmu na Mayahi babu wanda ya san ordinatar, wato kwamfuta, kamata. Na gama montaj, wato gyaran sautin waƙoƙin daka da wata tsohuwa, Iya Habsu ta Gidan Amumune, ta rera mana. Na yanke duk tarinta da kukan akuyarta, kuma don tsabar tsantseni na adana su a gefe, wai ko za a buƙata.

Sai na ci karo da wani dosiye, ma'ajiyar fayil a ordinatar, cike da tarkace marasa sunan kirki. Na ce wa abokin aikina Sani, "Ka ga sharar da ke nauyaya mana inji." Na goge su kakaf, har kwandon sharar na zazzage. Ban ko kwafe aikin a kile, ɗan filashin ajiya, ba, ni gwani.

Ashe muryar Iya ce a cikin tarkacen.

Washegari ta hau kabu-kabu ta zo jin kanta. Na buɗe aikin a gabanta, shiru. Na danna abin da ya rage: tari, tari, sai akuya.

Iya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ɗana, kada ka damu. Tarin nawa ne, akuyar ma tawa ce. A samo turmi in sake."

Ta kuwa sake. Amma har yau, ko baƙo ne ya yi tari a gidan rediyon, sai Sani ya ɗaga murya: "A yi shiru, gwani zai adana!"