Ɗankwalin Ramatu a Kan Makara

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da dogon hutun nan da aka kai Ramatu sansanin 'yan mata ba. Ramatu ita ce autata, shekararta goma sha huɗu a lokacin, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Ni kuwa duk unguwarmu ta Nima har Maamobi babu wanda bai san wake da shinkafata ba, kuma ni ce magajiyar mata masu abinci a layinmu. In na ce a zauna, zama ake yi. (Ku riƙe wannan, za ku gane dalilin da na faɗa.)

Wata rana sai ga ticarsu, wata Ba'ankariya 'yar asalin garin mai gilashi, ta shigo min gida da takarda. Wai an zaɓi Ramatu za a kai ta wajen gari mako biyu tare da wasu 'yan mata, a koya musu shugabanci. Na ce, "Shugabancin wa? Yarinyar da har yau sai na tuna mata ta sauke tukunya?" Ta yi dariya, ta ce wadda ta ci jarrabawa za a ba ta lamba, ta riƙa jagorantar 'yan uwanta a makaranta. Ni ban yi boko ba, amma na san takarda ba ta shigowa gida haka kawai. Kafin in gama juya maganar, Malam maigidana ya riga ya sa hannu. Wai ilimi ne.

Ranar tafiya na ɗauko ɗankwalina ja mai zanen ganye, wanda babu irinsa a layin, na ɗaura mata. Na ce, "Ko wuta ta kama, kada wannan ya bar kanki." Ta ce, "To, Mma."

Kwana uku ban samu sukuni ba. Maƙwabciyata Adiza kuwa kullum da sabon labari. Yau ta ji ana kai su coci. Gobe ta ji ana sa musu gajeren wando suna fareti kamar sojoji. Jibi wai a tanti suke kwana, babu ƙofa babu sakata. Na tambaye ta wa ya faɗa mata, ta ce a bakin famfo ta ji. Maimakon in yi shakkar famfo, sai na yi shakkar tica. Me ya sa sai 'yar Zango, 'yar unguwar Hausawa, suka zaɓa? Me ya sa ta yi dariya da na tambaye ta? Me ya sa gilashinta yake da duhu?

Rana ta biyar na tara mata a tsakar gida, na daki ƙirji na ce, "Yau da Ramatu zan dawo. In kun gan ni ni kaɗai, ku canza min suna."

Ban gaya wa Malam ba. Na zuba dafaffiyar gyaɗa a faranti don a ɗauka talla nake yi, na hau motar haya ta tirotiro a tashar Kawukudi, na sake wata mota, har muka bar gari. Wurin wata makaranta ce mai shingen furanni. Ban bi ta ƙofa ba, ai mai bincike ba ya sallama. Na zagaya baya, na tsuguna a gindin shinge kusa da wata kwata, faranti a ka. (Mace mai jikoki huɗu fa, magajiya guda.)

Na leƙa. Tantuna na nan, gaskiyar Adiza. Coci dai ban gani ba, wando ma ban gani ba, amma na ce a raina ɓoyewa suka yi. Can ƙarƙashin bishiya ga tica da wata babbar mace sun zauna a bakin tebur suna rubutu. Sai na ji an busa usur.

Abin da ya fito daga bayan tanti ya sa gyaɗata ta zube. 'Yan mata huɗu ne ɗauke da makara. A kanta mutum ne kwance samɓal, an naɗe shi da farin ƙyalle tun daga ƙafa har ƙirji, an rufe fuska, an ɗaure haɓa. Da me aka ɗaure haɓar? Da ɗankwalina ja mai zanen ganye.

Jama'a, ku yi min adalci. A Zango in ka ga farin ƙyalle da ɗaurarriyar haɓa a kan itace biyu, me ya rage? Kuma ga mata ne ke ɗauke da ita, abin da ban taɓa gani ba tun da uwata ta haife ni. Nan take na gama lissafina: sun kashe min 'ya, za su binne ta a ɓoye, babu wanka babu salla, ko namiji ɗaya ba su kira ba don kada asiri ya tonu.

Ban san yadda na tsallake shingen nan ba. Na dai ji kaina ina ihu, "La'ilaha illallahu! Ku sauke ta! Azzalumai, ku sauke min 'yata!" Yaran suka dire makara suka watse. Na faɗa kan gawa na rungume, ina kiran Ramatu, ina tsine wa tica da gilashinta da wanda ya sayar mata da shi.

Sai gawa ta tashi zaune. Ta yaye ƙyalle, ta zare min ido, ta kwarara ihu da Ankaranci, yaren su tica, tana kiran uwarta. Wata baƙar yarinya ce mai wushirya, ban taɓa ganin ta ba.

Ni da na zo ceton gawa, ni na fara gudu. Na ja da baya ina a'uziyya, ƙafata ta zurma cikin kwata, na ji ƙas. Sai ga ni zaune a ruwan wanke-wanke, zani ya yi gefe, ɓawon gyaɗa a goshi.

"Mma?"

Na ɗaga kai. Ramatu ce tsaye, usur a wuya, kai babu ɗankwali. Ashe ranar jarrabawarta ce. Ita ke jagorantar rukunin, ana gwada su yadda ake ɗaukar wanda ya ji ciwo. Bandeji ya ƙare musu, ta cire ɗankwalin ta ɗaure wa yarinyar haɓa. Babbar macen nan ta taso da biro a hannu, fuska a murtuke. Na ga idon Ramatu ya kawo ruwa, na san na watsa mata abin da ta kwana biyar tana wahala a kai.

Na yi ƙoƙarin miƙewa in tsira da sauran mutuncina. Na ce, "Ɗauko kayanki, gida za mu." Ƙafa ta ƙi.

Sai Ramatu ta share ido, ta busa usur a kan fuskata.

"Mma, kwanta."

"Ke! Ni kike cewa in kwanta?"

"Ƙafarki ta gurɗe. In kika taka, wata guda ba za ki je bakin tukunya ba. Kwanta. Ku biyu ku kama kafaɗa, ku biyu ƙafa. Ke, kwance ɗankwalin ki ba ni."

Wallahi muryata ce sak, wadda nake sa matan layi su zauna da ita. Na kwanta. Ta ɗaure min idon sawu da ɗankwalina, ɗaurin da ko mai ɗori sai haka. Suka ɗora ni a kan makarar da na gama tsine wa, suka ratsa filin da ni gaban 'yan mata sun fi hamsin, har da gawar tana riƙe min faranti. Muna wuce tebur na ji babbar macen tana tambayar tica ko shirya wannan aka yi. Tica ta cire gilashi tana share hawayen dariya. (Idonta lafiya lau, ashe rana ce ke damun ta.)

Da la'asar motar da ke kai musu abinci ta sauke ni a Nima, ni kaɗai. Mata na zaune a tsakar gida suna jira. Adiza ta dubi ƙafata, ta dubi bayana, ta ce, "Magajiya, ina Ramatu?"

Na ce, "Tana aiki. Na je na duba wurin, na amince."

Ƙaryar ta yi kwana tara. Ranar da Ramatu ta dawo da lambarta a ƙirji, ƙawayenta suka ba da labari har bakin famfo. Na ce a canza min suna, an kuwa canza: har yau tsofaffin layin Mai Makara suke kirana.

Zargi dai ban daina ba, halina ne. Amma tun daga ranar, in na ga gawa, sai na buɗe fuska kafin in fara kuka.