Tuffa a Huhun Goro

"…da sanyi kuma, amarya? Ya ƙafar taki?"

"Ƙafa tana nan inda ka bar ta wata biyu da suka wuce. Shigo ka rufe min ƙofa, manomin Amurka, kada ka kwaso min iskar unguwar Tremont gaba ɗaya."

Hafiz ya tuɓe takalmi, ya durƙusa har ƙasa. Duk wanda ya san shi ya san ba ya yi wa Hajiya Turai irin wannan durƙuso sai da dalili. Kakarsa ce, ita ta haifi babansa. Tun yana rarrafe take ce masa maigida, da ya iya magana shi ma ya laƙaba mata amarya, kuma ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi wa wani tas ba. Yau dai abin da ya hauro da shi hawa huɗu bayan sallar Juma'a ya fi ƙarfin wasa.

Shekara biyu ke nan yana aiki a wata gonar tuffa can arewa da birni. A ƙarshen gonar akwai tsofaffin bishiyoyi uku, irin na da can da ake kira Pippin, wanda aka ce asalinsa yankin Queens ne na cikin birnin nan, tun wurin yana gonaki. Tuffarsu koriya ce, karkatacciya, ga ɓawo mai kaushi a wuya, ranar da aka tsinke ta kuwa tsami har kunne. Sai ta yi wata biyu a ajiye cikin sanyi take sakin zaƙinta. Mai gonar ta gaji da jira, ta ce za ta sare su ta dasa ja mai ƙyalli wadda kowa ke saye, sai fa in Hafiz ya samo musu mai so. Ya sha yawo kafin ya samo wata mai gidan abinci a unguwar Harlem, mai suna Adjoa, ta ce ya kawo mata gobe Asabar ta ɗanɗana. In ta yi mata, bishiyoyi sun tsira. In ba haka ba, an riga an yi magana da mai zarto.

To, sai ga shi da safen nan ya buɗe kwalin tuffar da ya adana a ɗakinsa, ya tarar duk ta ruɓe. Sauran amfanin kuwa tuni an matse an yi lemo da shi. Abin da ya rage a duniya shi ne kwali ɗaya da ya kawo wa Hajiya tsaraba a watan Oktoba, haɗe da 'yan ƙananan fiya na Turawa, su ma tsohon iri. Ranar ba irin cin mutuncin da bai sha a wurinta ba.

"Wannan durƙuso na bazawari fa?" in ji ta, tana leƙen sa ta saman tabarau. "In biko ka zo, ka makara. Wani likita a hawa na biyu yana ta aiko min da gaisuwa."

"Likitan haƙori ne? Ai ba zai samu aikin yi a wurinki ba."

"Huɗun da suka rage min sun fi naka talatin amfani. Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya yi 'yan kewaye-kewaye, ya tambayi maganinta, ya yabi sabon labulenta, sannan ya sako zancen kwalin kamar wanda ya tuna a hanya.

"Wanne kwali? Na dankalin nan?"

"Tuffa ce, Kaka."

"Au, yau kuma Kaka na koma. Lallai ruwa ya ƙare wa wani. Ni dai na san miji na kirki ja yake kawo wa matarsa, mai sheƙi, wadda in an kai dubiya asibiti mara lafiya zai tashi zaune. Kai kuwa ka kawo min abin da ko akuya sai ta yi shawara. Na gutsura ɗaya, kwana uku ina magana da gefen baki."

"Ai na ce miki ajiye ta ake yi."

"Na ajiye ta kuwa. A kwandon shara."

Hafiz ya ɗago kai. Ya dubi fuskarta ko zai ga alamar wasa, amma Hajiya Turai shekara ashirin ta yi tana sayar da goro da turare a bakin titin 125, gaban 'yan Nijar da 'yan Gana masu ciniki kamar za su cire rai. Mai irin wannan tarihi ba a karanta fuskarsa.

"Fiyar fa?" ya tambaya.

"Duwatsun nan? Na ba mai gyaran famfo ya riƙa buga ƙusa."

Nan ya daina zagaye, ya zayyana mata komai: bishiyoyi uku, mai zarto, alƙawarin gobe. Ya ce ɗaya daga cikinsu ta girmi kakan mai gonar, kuma shi da hannunsa ya yi mata aski bara har ta farfaɗo. Da gaske yake son itatuwan nan, irin son da shi kansa yake jin kunyar faɗa a gaban abokansa.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Naka kwalin a ina ka ajiye?"

Ya sosa ƙeya. "A ɗaki."

"Ina a ɗakin?"

"Kusa da hitar ɗumama ɗaki. Nan ne kawai akwai wuri."

Hajiya ta tafa hannu, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Jama'a ku zo ku ga manomi. Ya yi digiri, ya bar aikin ofis, ya tafi daji koyon itace, ya dawo ya dafa tuffa da wutar gwamnati. Me ya hana ka sa mata gishiri?"

"Ke da kika zubar da taki fa? Ni ko ba komai na gwada."

"Ni na ce maka ni manomiya ce? Ni amarya ce, aikina kwalliya."

"Amaryar da ta ga zuwan jirgin ƙasa Kano."

"Na gan shi, kuma ya fi ka zuwa a kan lokaci."

Ya yi murmushin dole, ya miƙe zai sa takalmi. A ransa har ya fara tsara yadda zai kira Adjoa ya ba ta haƙuri. Sai Hajiya ta ce tunda dai ya zo, kuma ba shi da wani amfani, ya shiga ƙaramin ɗaki ya jawo mata tagar nan da ta ƙi rufuwa tun bara, iska na damunta.

Yana tura ƙofar sanyi ya doke shi, tare da wani ƙamshi da ya sani sarai. Ƙarƙashin tagar ga wani babban kwando an lulluɓe shi da tsumma mai danshi, an ɗaure da igiya tsaf yadda ake ɗaure huhun goro. Ya kwance da sauri. Tuffa ce jere, kowace an naɗe ta daban a cikin takardar jarida. Ya warware ɗaya: korenta ya juya ruwan ɗorawa, ta yi maiƙo a hannu, ba tabo ko ɗaya. Ya tsuguna a wurin yana ta juya ta a hannu.

"Ka mutu ne a ciki?" ta ƙwala daga falo. "In ka mutu ka faɗa min in fara takaba."

Ya fito rungume da kwandon. Ta ce ya ajiye mata kayanta, ba nasa ba ne. Da ya matsa mata da tambaya, sai ta ba shi labari tana ɗaga hanci. Ranar da ya ce sai an ajiye take daɗi, ita ta gane zancen, ai haka daushe yake a cikin goro: sabo ɗaci da kauri, wanda ya kwana biyu a huhu shi manya ke nema. Sai ta yi mata riƙon goro. Duk Juma'a takan kwance, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ta fitar da wadda ta fara laushi kafin ta shafa wa 'yan uwanta, ta yayyafa wa tsumman ruwa ta mayar. Tagar ma da gangan ta hana a gyara, ta yi wata biyu tana kwana da safa biyu.

"Fiyar kuma tana ina?"

Ta kau da kai. "Ta yi laushi da wuri. Ba na son almubazzaranci."

"Wato mai gyaran famfon a cikinki yake."

"Rufe min baki, miƙo wuƙa."

Ta zaɓi ɗaya, ta raba biyu, ta miƙa masa rabi kamar yadda take raba goro da baƙo. Ya gutsura. Zaƙi ne mai ɗan tsami a ƙarshe, ga ƙamshi har hanci, ta fi duk wadda ya taɓa ci a gonar ma. Ita kuma ta yanka siriri ta sa a gefen da haƙoran suke, ta daɗe tana taunawa.

"Ba laifi," ta ce. "Dankalin ya yi hankali."

"Kaka, me ya sa kika sha wannan wahala? Ke da kika ce ko akuya ba za ta ci ba."

"Zagi daban, zubarwa daban. Abin da ka ɗauko da hannunka ka hau bene huɗu ka kawo min, shi zan kai shara?" Ta goge wuƙar a gefen zani. "Yanzu faɗi, tsakanin ni da kai wa ya iya tuffa?"

"Ni na yi mata aski, na tsinko…"

"Ajiye kwandon."

Hafiz ya fashe da dariya, ya sake durƙusawa, wannan karon kwandon na kan cinyarsa. "Ke ce, amarya. Wallahi ke ce. Ni ɗan dako ne kawai."

"To ɗan dako, ɗauki ka tafi, na ba ka. Ka kira mai gonar tun yanzu ka ce ta sallami mai zarto. Baɗi kuma amfanin bishiyoyin ukun nan za ka kawo, ni zan riƙe. Kai dai kada a sake barin ka kusa da hita."