Mutum Uku a Wayar Atika

"Lafiya lau muka tashi. Ya aiki, ya yara? Ya kuma bawan Allah mai haƙurin nan da ke aurenki?"

"Yana nan ƙalau, kullum cikin godiyar Allah. Ya mutanen Gammo? In ce dai har yanzu suna haƙuri da kai?"

Musbahu ya kafe babur ɗinsa a ƙofar shagon ɗinkin Atika da ke bakin kasuwar Gwarzo, ya jawo benci ya zauna tun ba a ce masa bisimilla ba. Mahaifiyarsa, Inna Uwaliya, ƙanwar mahaifin Atika ce. Taubasai ke nan, kuma tun suna yara ba a raba musu gardamar wane ne bawan wani ba.

Yau dai bakinsa ne ke wasa, amma hankalinsa ba a kwance yake ba. Ƙanwarsa Badi'a ta haihu a Abuja bayan shekaru ana ta addu'a, Inna kuma ta rantse sai ta riƙe jaririn da hannunta ranar suna. Ga ta da ciwon baya, doguwar mota ba ta yi mata. Aka yanke shawara a lallaɓa da ita zuwa Kaduna, daga can su uku, ita da Musbahu da Atika, su hau jirgin ƙasa. Atika ta ce a bar mata sayen tikiti.

"To baiwa, miƙo min in wuce, albasata na jirana a Kabo."

"In miƙo maka me?"

"Tikiti mana. Nawa da na Inna."

Atika ta tsayar da keken ɗinki, ta ɗaga wayarta ta kaɗa masa. "Ga ku nan ciki. Kai da Goggo da ni."

"Mu ukun? A cikin wannan 'yar abar?"

"Har da sauran wuri. Sai dai tun da na saka ka take warin albasa."

"Ke Atika, ki ji tsoron Allah. Tikitin da na sani kati ne, a miƙo maka ka damƙe a hannu. Yanzu tsohuwa za ta baro Gammo, ta sha hanya har tashar Rigasa a Kaduna, a ce shigarta jirgi na hannun wadda aka ba ta ɗinkin wando ta mayar da shi buhu?"

"Ƙafafunka ne ba su zo daidai ba, ba almakashina ba. Matso ka gani, rashin sani ya fi dare duhu."

Ya matso. Ta shafa fuskar wayar, sai ga wani zane baƙi da fari mai kusurwa huɗu, kamar inda kaji suka yi tono, da sunan Inna a samansa. Ta sake shafawa, ga wani da sunanta. Ta sake, ga nasa, har da sunan mahaifinsa.

"Saye ɗaya na yi, amma kowa da nasa," in ji ta. "A bakin ƙofa za a haska na Goggo, a dubi katinta na ɗan ƙasa, ta wuce. A haska nawa, in wuce. A haska naka, na'ura ta yi kuka, masu gadi su taho a guje."

"Don me?"

"A wajen kaya na rubuta ka."

"Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Dama kin daɗe kina neman hanyar da za ki rabu da ubangidanki. To in cajin wayar ya ƙare fa? Mun mutu ke nan mu ukun?"

"Ina da abin caji na tafi-da-gidanka."

"In babu sabis?"

"Na ɗauki hotonsu na ajiye, ba ruwansu da sabis."

"In aka sace ta? Kin san tasha. Ɓarawo ya zare waya, ya tafi da mutum uku a aljihu!"

"Kafin la'asar zai dawo da kai, ya riƙe Goggo."

Wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta rufe baki da mayafi tana dariya. Musbahu ya yi kamar bai ji ba, amma shi ma sai da gemunsa ya motsa.

"Ji nan, gajeruwa," ya ce, muryarsa ta ɗan sauka. "Cunkoso ake yi a wajen shiga. In turereniya ta raba mu, ke kina ciki da waya, ni ina waje da tsohuwa, jirgi ya tashi, da wane ido zan dubi Badi'a?"

"Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Kawo wayarka in tura maka naku."

Ya laluba aljihu ya zaro wata 'yar ƙaramar waya mai tocila, an ɗaure bayanta da roba. Atika ta karɓa da yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Wannan ko sallama aka turo mata sai ta suma."

"Da ita nake sayar da albasa har Legas!"

"Allah ya jiƙan mutanen Legas. Ungo abarka, dama na san za a rina."

Ta jawo aljihun teburin ɗinki, ta fito da wata 'yar jaka ta ragowar atamfa, mai zif da igiyar ratayawa a wuya. A ciki akwai tikitin Inna da nasa, an buga su a takarda a shagon kwamfuta, an sa a leda saboda gumi. Har wani ɗan aljihu ta yi daidai katin ɗan ƙasa.

"Goggo za ta rataya a ƙarƙashin hijabi. Ko guguwa ce ta raba mu, ku nuna wannan. Ban ba ka riƙo ba don na san sai ka ƙunshe goro da shi."

Musbahu ya juya jakar a hannunsa. Ɗinkin ya yi kyau, babu zare ko ɗaya da ya leƙo. Sai wani abu ya faɗo masa.

"Tsaya. An ce sai da lambar katin kowa ake saye. Ina kika samu tawa da ta Inna?"

"Gammo na je da ƙafata. Matarka Sa'a ta ɗauko min naka, hoton kamar an kama ka da akuyar mutane. Kai kana kasuwa. Na wuni a ɗakin Goggo har magariba, ba ka dawo ba."

Ya sosa ƙeya. "To shi ke nan. Ku mata sai ku zauna tare ku yi ta gulmata har Abuja."

"A'a. Da na shiga saye, kujeru biyu kaɗai suka rage a jere. Goggo na jikin taga, kai kana gefenta. Ni ina wani tarago can baya."

"Ke kaɗai? Ke da ko a mota sai kin riƙe hannun wani in an sha kwana?"

"Gara tsoro da minsharinka."

"Atika."

Ta mayar da ido kan keken, ta gyara bakin zanin da take ɗinki. Da ta sake magana, babu wasa a muryar.

"Goggo ce ta ce min, kullum a tsaye kake gaishe ta, hular kwano a kai, babur na kunne a waje. Ba ƙorafi ta yi ba, har yabonka take yi, wai nema kake musu. Amma ta ce ta manta rabon da ku zauna ku yi hira. To ga ta ga ka, daga Rigasa har Abuja. Babu kasuwa, babu babur, kuma ba a sauka a hanya don an ji farashin albasa ya tashi."

Musbahu ya dubi 'yar jakar da ke hannunsa. Ya dubi 'yar kawunsa da ke taka keke kamar ba ita ta yi maganar ba. A ransa ya ce Allah ya yi wa dangin nan baiwa da yarinyar nan, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa da baki ba.

Ya tashi ya fita wajen babur, ya kwance wani ƙunshi a bayansa, ya dawo da kwalbar zuma farar saƙa da ya sayo wa kansa. Ya dire ta a kan teburin.

"Ungo. Ba don halinki ba."

"Jama'a ku zo ku shaida!" Atika ta ɗaga murya har masu shagon kusa suka leƙo. "Bawa ya kawo gaisuwa da kansa! Faɗi mu ji, wace ce uwargijiya?"

Musbahu ya rataya jakar Inna a wuyansa, ya tura ta cikin riga, yana dariya har da riƙe ƙofa.

"Ke ce. Amma daga nan zuwa Abuja kawai."

"Ka dai yi a hankali," in ji Atika, tana buɗe kwalbar ta lakato da yatsa. "Na dawowa ban saya ba tukuna."