Ranar da Na Ɗura wa Waliyyi Sukari

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren garin Gagarawa ba.

Yayana Sabo tun yana saurayi yake fama da ciwon suga, irin wanda ba ya sallama: yana cikin magana sai suga ya sauka, shi kuma ya yanke jiki ya faɗi. Ni ne mai rakiyarsa, aljihuna ba ya rabuwa da ƙwayoyin sukarin da nake saya a kasuwar Maigatari. Daga baya aka fita da shi waje, aka dasa masa a cikin hanta ƙwayoyin halittar da ke yin insulin, sinadarin da ke daidaita suga. Alhamdulillahi, ya ajiye allura. Sai dai bibiya ba ta ƙarewa: magani kullum, ganin likita a Kano lokaci-lokaci, ga wani abu kamar maɓalli a damtsensa da ke aika awon suga zuwa wayarsa. (Shi ya daina faɗuwa, ni ne ban daina tsoro ba.)

Ranar shi ne waliyyin amarya, karon farko da dangi suka yarda suka ba shi wannan girma. Tun da muka taso daga Gumel yake ja min kunne: "Don Allah yau ka bar ni in zauna kamar kowa. Ban da 'sannu, ya jiki'."

Liman ya fara addu'a, ta yi tsawo. Ina waigawa sai na ga Yaya ido a rufe, kai a sunkuye, leɓe na motsi. Wayyo Allah! Na tsallake dattawa, na ture hular wani, na kama haɓarsa na cusa masa sukari ina ihu, "Ku ba shi iska! A kawo lemo!"

Ya buɗe ido, kumatu cike. Ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ciro waya ya nuna min. Suga lafiya lau.

"Amin nake cewa, malam."

Wani tsoho daga dangin ango ya ce, "To mu ma amin muke cewa, ba a ba mu ba." Wuri ya kece da dariya. Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina.

Da muka je Kano, likita ya ga inda awon ya yi tsalle ya tambaya, "Alhaji, me ya same ka ran nan?"

"Ƙanena ne ya same ni."

Likita ya yi murna, wai dashen da kansa ya sauko da sugan.

Yanzu kafin in ceci mutum sai na tambaye shi tukuna. Yaya kam har yau shi ake naɗawa waliyyi. Ni kuma wajen takalma ake ajiye ni.