Injin Noti Da Bahaguwar Motar Hajiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka naɗa ni alƙali tsakanin injinan kwance noti guda uku, a gaban rabin mutanen Titin Koudoukou. Na fito da rigata mai guga, na koma gida da baƙin mai har a kunne.

Ni mai gyaran mashin ne a Kilomita Biyar, nan Bangui. Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya yi ni da wani hali: idan na ɗaure noti sai na koma na taɓa shi, idan na kulle shago sai na dawo daga ƙofar masallaci na girgiza kwaɗon. Shi ya sa 'yan unguwa suke ce min Sake-Duba. (Matata kan ce da ana sayar da fargaba a kasuwa, da tuni mun gina bene.)

Lokacin rikici ne, unguwarmu ta zama kamar keji. Ko unguwar Miskine da ke nan kusa ba ka isa ka leƙa ba. Manyan bakanizai duk sun bi motocin masu hijira, wasu Chadi wasu Kamaru. Kayan abinci kuwa ba sa shigowa sai ta ayarin manyan motoci da sojoji ke rakawa zuwa iyakar Kamaru su dawo. Kuma ayari ba ya jiran kowa. Idan tayarka ta fashe, motar sojojin da ke baya za ta ɗan tsaya maka, in ba ka gama da wuri ba su wuce, su bar ka a daji kai da masu bindiga.

To, a cikin wannan ayarin ne Isiyaku, ƙanin matata, zai fara tuƙi. Motarsa ta haya an ƙone ta, sai Hajiya Asabe mai sarin fulawa da mai ta ɗauke shi ya tuƙa babbar motar marigayi mijinta, wadda ta daɗe a ajiye. Tun da aka yi maganar, matata ta daina cin abincin kirki.

Hajiya mace ce mai hangen nesa. Ta ce kwance taya da sifana da doguwar sandar ƙarfe, mutum na hawa yana tsalle a kai, wannan aikin lokacin zaman lafiya ne. Ta sa Musa Ɗan Duwala, mai kawo kayan aiki daga Kamaru, ya zo da injinan kwance noti masu aiki da batir, waɗanda ba ruwansu da waya ko iska. Ya kawo uku: kore, rawaya da ja. Sai ta aiko a kira ni.

"Sake-Duba, kai za ka zaɓa mana."

Na ce, "Hajiya, ni fa mashin nake gyarawa. Ban taɓa kwance tayar babbar mota ba."

Ta ce, "Waɗanda suka taɓa suna ina? Noti ai noti ne. Kuma surukinka ne zai shiga dajin, na san ba za ka yi wasa ba."

Nan take kaina ya kumbura.

Na kai injinan shago don in san kansu. Ina danna koren sai ya yi ta-ta-ta-ta, mai sayar da ƙosai da ke gefena ta saki matsami ta dafe ƙirji. Nan na gane matsalar: ƙarar abin nan ba ta da maraba da bindiga, kuma a unguwarmu a lokacin ko tayar keke ce ta fashe sai an rufe shaguna. Don haka na yi abin da mai hankali zai yi. Na bi titin shago-shago, daga masu canji har masu shayi, ina cewa, "Gobe da hantsi za ku ji ƙara a ƙofar Hajiya Asabe. Ba harbi ba ne, gwaji nake yi. Kada kowa ya gudu." Na gaya wa liman, na gaya wa samarin da ke gadin bakin unguwa. Wasu ma sau biyu na gaya musu, don ban tabbata sun saurara da kyau ba. Wani mai canji har ya ce, "Malam, mun ji. Wallahi mun ji."

Abin da ban lissafa ba shi ne, sanarwar nan gayyata ce. Da hantsi na tarar da taro kamar za a ɗaura aure.

Na zagaya motar, na zaɓi gefen hagu, tayar baya, don notocin can sun fi tsatsa. Na yi wa jama'a bayani (har da ɗaga yatsa) cewa abin da aka rubuta a kwali ba ya kwance noti, a inda ya fi wuya ake gane jarumi. Hajiya tana cikin shago da masu saye, ta ce mu fara tana zuwa.

Na ɗauki koren. Mara nauyi ne, yana zama a hannu daidai. Na murɗa maɓallin zuwa kwancewa, na duba, na sake dubawa, na danna. Ya yi ta bugu, notin ko gezau. Na ajiye shi na ce, "Wannan a kai wa masu gyaran keken ɗinki." Aka yi dariya, na ji daɗi.

Na ɗauki rawayan. Ya fi ƙarfi, har hannuna na rawa. Noti na nan daram. Musa ya fara gumi.

"Patron, maigida, wallahi wannan yana kwance na tirela a Duwala, da idona na gani."

Na ce, "To nan ba Duwala ba ce."

Isiyaku ya ce, "Yaya, ko mu zuba masa ɗan mai ya jiƙa tukuna?"

Na ce, "A daji masu bindiga za su jira ka ya jiƙa?" Jama'a suka gyaɗa kai. A wannan lokacin ji nake ko shugaban injiniyoyi albarka.

Sai na ɗauki jan. Nauyinsa kamar cinyar sa. Musa ya ce, "Yeke-yeke, patron, a hankali, wannan ba ya wasa." Na kafa ƙafa, na danna, na riƙe. Ƙara ta cika titi, na ƙi saki. Na ji notin ya ɗan motsa, na ce a raina yauwa, na ƙara dannawa.

Sai ji na yi TAU! Wani abu ya wuce ta gefen kunnena ya daki ƙofar kwanon shagon Hajiya, GARAM!

Ban san lokacin da na jefar da injin ba. Na dai tsinci kaina a ƙarƙashin mota, rub da ciki cikin tsohon baƙin mai, hannuwa a ka, ina ihu, "A kwanta! A kwanta! Sun shigo!"

Shiru.

Na buɗe ido ɗaya. Ta ƙarƙashin motar ina hango ƙafafun jama'a a jere, silifa da takalma, babu wadda ta matsa. Har wata tsohuwa mai sanda tana nan tsaye inda take. Sai fuskar mai shayi ta leƙo a karkace.

"Sake-Duba, ba kai ka ce mana ba harbi ba ne?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta har unguwar Yakité. Duk mutanen da na bi na kwantar wa hankali sun riƙe maganata, ni kaɗai ne ban riƙe ba.

Hajiya ta fito tana gyara mayafi. Ta dubi ƙusar tayar da ake ɗaura notin a kai, wadda ta karye, ta dubi notin da ke ƙasa da guntun ƙusar a cikinsa, ta dube ni ina rarrafowa.

"Wai a hagu kuka fara?"

Na ce, "Eh, Hajiya."

Ta tafa hannu. "Af! Ai marigayi kullum yana faɗa, motar nan bahaguwa ce. Notocin hagu a juye suke, inda ake ɗaure na kowa nan ake kwance nata. Ni kuma na sha'afa."

Wato duk wannan bayani da ɗaga yatsa, ɗaure notin nake ta yi. Koren ya ɗaure, rawayan ya ƙara, jan ya tsinke ƙusar. Injinan da na yi wa ba'a ba su da laifin komai.

Gaskiya na so in bi ta bayan shago in tafi gida. Amma na dubi Isiyaku, na ga shi ba ya dariya. Shi ma bai san motar bahaguwa ba ce. Na ce a raina, da a daji ne wannan ƙusar ta karye fa? Sai na goge hannu a rigar da ta riga ta lalace, na ce, "Musa, ka yafe ni. Miƙo koren."

Na juya maɓalli, muka sake gwaji daga farko, wannan karon ba ɗaga yatsa. Koren ya kwance, amma sai ya yi ta nishi, kuma kafin a gama taya ɗaya ya yi zafi. Jan kafin ka ƙifta ido ya cire, sai dai nauyinsa na gajiyar da hannu, batirinsa ɗaya, kuma cajarsa sai da wutar gari, wadda muke gani kamar watan Sallah. Rawayan ya kwance ba gardama, batirinsa biyu, kuma ana iya yi masa caji a cikin motar ana tafiya.

Na ce, "Hajiya, rawayan."

Musa ya ce, "Amma jan ya fi ƙarfi."

Na ce, "Na sani, ai ni na gwada. Mutumin da tsoro ya kama bai kamata a ba shi abin da ke tsinke ƙusa ba." Wannan karon da aka yi dariya har da ni.

Ƙusar da na karya na samo madadinta a jikin wata ƙonanniyar mota irin ta Hajiya, na sa da hannuna. Sannan na samo farin fenti na zana kibiya a jikin kowace taya ta hagu, tana nuna inda ake kwancewa. Na sa Isiyaku ya yi ta cirewa yana mayarwa har ya ce, "Yaya, don girman Allah, ko a mafarki zan iya." Na kuma sa shi ya tafi da tsohuwar sandar ƙarfen, don batir ba ɗan goyo ba ne.

A tafiyarsa ta biyu, a hanyar dawowa, taya ta fashe masa a wani wuri da ko tsuntsu ba ya son sauka. Ta hagu, ta baya. Ya ce kansa ya ɗauke, har ya murɗa maɓalli yadda kowa ya saba, sai idonsa ya faɗa kan farar kibiya. Kafin sojojin baya su gama yi masa tsawa ya sauke jak ya bi ayari. Da ya iso gida, matata ta rungume shi tana kuka, sannan ta juyo ta zuba min nama biyu a miya.

Har yau idan na wuce, mai shayin nan sai ya ce, "Sake-Duba, a kwanta ko a tsaya?" Nakan ce masa ya zuba min shayi kawai. Abin da na koya shi ne, kafin ka duba abu sau goma, fara tambayar mai shi ta ina ake buɗe shi. In kuma ka bi gari kana cewa kada kowa ya gudu, to ka tuna ka gaya wa ƙafafunka.